Amsar da Dogo Makaho Ya Ba Babana

Yau kwana goma sha shida rabon Matameye da ruwa. Mun yi shuka da ruwan fari, gero ya tsiro ya fara buɗe kunne, sai sama ta ɗauke kamar an murɗe pampo. Kowace la'asar hadari yakan haɗo ta gabas, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta tarwatsa shi, a bar mu da ƙasa a baki. Yaran yanzu sai su duba waya su ce maka wai an ce jibi. Wannan jibin tun makon jiya muke jiransa. Bana dai ba mai kwana da yunwa a gidana, akwai shinkafa a kanti, akwai ɗan lambu da injin ban ruwa. Amma in na tsaya a gona da hantsi na ga ganyen gero ya nannaɗe, sai gabana ya faɗi, kuma ba don geron ba.

Wata damina nake tunawa, shekara ashirin da ƴan kai da suka wuce, ina ɗan shekara goma sha bakwai. Mun sha yunwa a cikinta, amma ba yunwar ce ta tsaya mini a wuya ba. A daminar nan ne idon Babana ya fara tafiya, babu wanda ya sani sai shi da Inna. Ya zo ya tambaye ni abin da zai yi, ni kuma na ba shi amsar da ta rufe masa baki har lokacin magani ya wuce. Ban san tambaya ce ba. Wannan uzurin nake ba kaina tun ranar da na gane, kuma bai taɓa isata ba.

Sunana Lawali, ni ne ɗan fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a lokacin, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna ana ji da shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. In Baba yana son in shayar da jaki, ina tsaye a gabansa zai juya wajen ƙanwata Zuwaira ya ce, “Faɗa wa yaron nan jakin nan na jin ƙishi.” Zuwaira kuma, da yake ƴar tsokana ce, sai ta juyo ta ce, “Yaron nan, ka dai ji.” Inna ma haka take, sai dai ita aikin gida kan tilasta mata ta ce mini “kai”. Zuwaira tana ƙarama takan hau ƙafar Baba ta ja masa gemu. Ni kuwa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, ƙasa nake kallo in yana magana. Da na saba kallonsa, wataƙila da na gani.

Shekarar da ta gabata fara ce ta sauka a kan hatsi yana gab da nuna. Abin da muka ɗaure bai kai rabin na kullum ba. Kafin bazara ta yi nisa, wanda ya shiga rumbu ɗauko dami sai ya nutse har a daina ganin kansa. Inna ta fara rage awo ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Da asuba mukan ji turminta, amma dakan ya daina daɗewa. Fura ta tsinke ta koma farau-farau, ka sha ƙwarya guda ka tashi cikinka na ƙara kamar salka. Da rana babu komai. Da yamma tuwo, daga baya tuwon ya koma yau akwai gobe babu. Ranar da babu sai kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, ko garin rogo da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka, a jiƙa shi ya kumbura ya ruɗi ciki. Iri kaɗai ne ba a taɓawa. Yana cikin tulu a ɗakin Baba, an liƙe bakinsa da laka, ko Zuwaira ba ta isa ta matsa kusa da shi ba.

Zafi kuwa ba a magana. Ruwan randa yakan yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randar, ka kore su su dube ka kawai. In ka taka ƙasa ba takalmi da azahar, sai ka yi rawar da ba ka shirya ba.

Ruwan fari ya sauko wata safiya, mai ƙarfi, har ya cika kwatami. Ƙamshin ƙasar nan har yau ina jinsa. Baba ya fasa lakar tulu, muka fita gaba ɗaya. Shi ke gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. A unguwarmu an san layin Baba, miƙaƙƙe ne kamar an ja zare. A shekarar nan layin ya dinga karkacewa, wani ma ya shiga cikin ɗan'uwansa. Zuwaira ta ce, “Baba, yau layinka ya sha fura mai tsami.” Ya yi murmushi ya ce ƙotar sungumin ce ta lanƙwashe. Muka yarda. A makon nan ma ya wuce Malam Idi maƙwabcinmu a bakin hanya bai gaishe shi ba, har Malam Idi ya aiko yana tambaya ko ya yi wani laifi. Muka ce tunanin abinci ne ya yi wa Baba yawa.

Daga wannan ruwan sai wani ɗan yayyafi, sai shiru. Gawo ya riga ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba in damina ta kama, ga shi tsaye tsirara a gona, ba ruwa ba inuwa. Ba a noma busasshiyar ƙasa, don haka aiki ya tsaya. Da safe mu je gona mu duba abin da ya mutu, mu dawo. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, manya da yara, riguna a juye. Sauran yinin kuma zama ne, kuma duk wanda ya taɓa zama da yunwa ba aikin yi ya san yadda rana take ƙin tafiya.

Ana cikin haka Habu ya zo hutu. Habu ɗan ƙanen Inna ne, taubashina, yana lise, wato babbar sakandare, a Damagaram. Dogon wuya gare shi da surutu, kuma tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya zo da wani kaye, wato littafin rubutu, da ya sha hannu, da ƙwayar wasan lido guda biyu a aljihu. Ya ce akwai wasan da suke yi a makaranta, wasan labari. Shi zai riƙe labarin, ya faɗi inda muke da abin da ke gabanmu. Kowannenmu zai zama mutum ɗaya a ciki, ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya a faifai, in ta ba da babba ka ci, in ta ba da ƙarami ka sha ƙasa.

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, “Tatsuniya da rana tsaka? Ku dai ba ku da tsoro.”

Habu ya ce, “Goggo, ba tatsuniya ba ce. Tatsuniya an san ƙarshenta, wannan ko ni ban sani ba.”

“To Allah ya sa ta ƙosar da ku,” in ji ta.

Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ni da Zuwaira da abokina Ila. Habu ya ba kowa tsakuwa goma, ya raba su tsakanin ƙarfi da wayo da iya baki. Zuwaira ta zama ƴar fatake mai raƙumi, ta zuba kusan duka a kan iya baki, ba wanda ya yi mamaki. Ila ya zama maƙeri. Sai Habu ya ce akwai wata doka: wanda ya yarda mutuminsa ya ɗauki wata nakasa, za a ƙara masa tsakuwa uku. Ni ɗan kokawa nake so, wanda ba a kayarwa. Ban ko yi tunani ba na ce, “Nawa makaho ne. Kawo ukun.” Na tara su a kan ƙarfi, na raɗa masa suna Dogo. Haka na sayi makanta, don kwaɗayin tsakuwa uku.

Labarin Habu na wata tsohuwa ce da ta kama hadari ta ɗura a tulu ta gudu da shi bayan duwatsu, mu kuma muka bi sawunta. Ka ga wanda ya san abin da ke ran mutane. Muka dinga yi kullum daga azahar zuwa la'asar, kuma wallahi yana aiki. Sai ka shiga labarin ka manta da cikinka har a kira salla.

Ni kuma na gano abin da na iya. Dogo bai daɗe yana kokawa ba ya koma abin dariya, don na lura dariyar ta fi daɗi. Nakan rufe ido in kafe wuya in dinga lalube a iska. Dogo ya hau jaki ta baya ya riƙe wutsiya yana cewa an sace kan jakin. Dogo ya faɗa rijiya sau uku. Dogo ya tsoma hannu a akushin sarkin wani gari ya cinye masa nama. Ko ƙwaya ta ba ni shida sai in san yadda na yi Dogo ya yi tuntuɓe. Habu yakan ce, “Kai taubashi, makafin garin nan fa da kansu suke zuwa kasuwa su dawo, naka ne dai sakarai.” In ce masa ya riƙe labarinsa in riƙe makahona. Ila yakan yi dariya har ya yi tari. Ina jin kaina wani gwani.

Baba yana nan duk lokacin. Tabarmarsa tana ƙofar ɗakinsa, taku kaɗan daga namu, yana tufka igiya da ɓawon rama. Da can shi ba mai zaman gida ba ne da rana, majalisar bakin masallaci yake zuwa. A daminar nan ya daina, muka ɗauka rashin ƙarfi ne. Hannunsa na murza igiya a cinya, kansa a sunkuye, kunnensa na wajenmu.

Ranar da ruwa ya cika kwana ashirin da ɗaukewa, ranar ce babu tuwo jiya kuma babu tabbacin na yau. Iska ko motsi ba ta yi. Muna zaune an fara wasa, sai muka ji muryar Baba.

“Habu, a cikin labarin nan naka babu wurin tsoho?”

Muka dubi juna. Magidanci kamar Baba ya zauna wasa da yara, abin da ba a taɓa yi ba. Inna ma ta tsaya da tankaɗe. Habu ya daburce, ya ce, “Akwai, Baba. Akwai mana.” Baba ya taso da igiyarsa a hannu, ya tako a hankali, ƙafarsa ta ture faifan ƙwaya. Zuwaira ta gyara shi. Ya zauna a bakin tabarma, daidai gabana.

Habu ya buɗe kayensa ya rufe, ya yi gyaran murya. “Kun yi kwana uku ba ku sha ruwa ba. Ga rijiya a gabanku, ga wani tsoho zaune a bakinta da guga. Baba, kai ne tsohon. Sai wanda ka ga dama zai sha.”

Zuwaira ta fara zuba, ta yi wa tsohon kirari, ta yi masa alkawarin gishiri da dabino. Baba ya ce ta sha, ta shayar da raƙuminta. Ila ya ce zai gyara masa bakin guga. Baba ya ce ya sha. Sannan ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena.

“Kai kuma Dogo, sannu da hanya.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Shekara goma sha bakwai, ranar ce ta farko da Babana ya fuskance ni ya yi mini magana ba ta bakin wani ba. Ba sunana ya kira ba, sunan Dogo ya kira, amma ni yake yi wa. Daɗi ya cika ni har kunnuwana suka yi zafi. Abu ɗaya ya zo mini: yau sai na sa mutumin nan dariya. Na rufe ido, na kafe wuya.

“Yauwa tsoho, sannu da hutawa.”

“Da shi aka haife ka, ko daga baya ya same ka?”

“Daga baya, tsoho. Da idona garau, har ƙwarƙwatar kan maƙwabci nake hangowa.”

Ila ya fara dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, “Yaya ya fara maka?”

“Kwanciya na yi lafiya, na tashi na tarar an hure fitilar duniya.”

“Ba ta gefe ya fara ba? Ka ga abin da ke gabanka, na gefe ya ɓace, kamar mai leƙen cikin tulu?”

Ko wannan ba ta tashe ni ba. Na ce a raina, ashe Baba ma ya iya wasan. Na ce, “Wa ya sani, tsoho. Ni dai na ga duhu, duhu ya gan ni.”

Ina jin ƙarar igiya a cinyarsa, sai ta tsaya.

“Kana da ƴaƴa?”

“Bakwai, duk ƙattai.”

“Da ka ji abin yana zuwa, ka faɗa musu?”

“Na faɗa wa babban.”

“Me ya yi?”

Habu ya miƙo mini ƙwaya ya ce in jefa a ga irin ɗan da Dogo ya haifa. Na tuna wannan sarai, kuma shi ya fi ci mini rai. Da na jefa, da sai in ce ƙwaya ce. Ture hannunsa na yi na ce ba sai an jefa ba, na san ɗana.

“Babban? Ai tsoho, washegari ya hau rumbu ya ce daga yau shi ke awo. Kafin wata ya sayar da gonar. Ya shiga daji ya yanko mini sanda, ya ce ga rabona. Ka ji in faɗa maka gaskiya, in ido ya tafi girma binsa yake. Ko akuyar gidanka sai ta daina ba ka hanya. Da na sani da na yi shiru da bakina, in ci gaba da zama maigida.”

Zuwaira ta kwanta a tabarma tana riƙe ciki. Ila na dukan ƙasa. Na buɗe ido ɗaya in ga ko na ci, sai na ga Baba yana dariya, ƴar kaɗan, ta gefen baki. Na ji kamar an ba ni doki.

Ya ce, “To, Allah ya kyauta. Sha ruwa ka wuce, Dogo.”

Ya tashi ya koma ɗakinsa, igiyar na jan ƙasa a bayansa. Habu ya kira shi ya ce tsohon bai nuna mana hanya ba tukuna. Baba ya ce daga ciki, “Ku bi gabas.” Bai sake zama da mu ba. Inna ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Bayan kwana shida ruwa ya dawo. Da la'asar ne, muna tsakar wasa, iska mai sanyi ta fara kaɗa kayen Habu. Ɗigon farko ya faɗo a faifai, ƙato. Muka watse muna kwashe tabarma, Inna na jera duk wani abu mai baki a ƙarƙashin indararo. Aka yi ruwa har magariba. Kashi ɗaya cikin uku na shukar ya riga ya mutu, muka sake zuba wake a gurabun. Abin da ya rage ya miƙe cikin kwana uku kamar ba shi ne ya kwanta ba. Ciyawa ma ta miƙe tare da shi. Daga nan ba wanda ya sake samun lokacin wasa. Ba mu taɓa kai wa ga tsohuwar da tulunta ba, hutu ya ƙare Habu ya koma Damagaram.

Noman fari da yunwa a ciki shi ne aikin da ya fi kowane wuya a shekara. Hatsi na gona kore shar, rumbu kuwa fayau. Aka dinga gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, abin da mai gona zai iya fitarwa bai wuce kunu da kwaɗon tafasa ba, don tafasa ta fito ta cece mu. Ranar gayyarmu mutum tara suka zo. Muka jeru da hauya, Baba na hannun damana. Da muka kai ƙarshen layi na waiwaya, sai na ga nasa. Ya share ciyawar gabansa tas, amma ta gefen hagu ya sassare gero, tushe bayan tushe, geron da ya sha kwana ashirin da shida yana jiran ruwa. Raina ya ɓaci. Na bi layin ina tsince su ina turawa ƙarƙashin ciyawa don kada mutane su gani. Da muka koma gida na yi wa Inna ƙorafi. Ta ce hauyar ce sabuwa, ba ta zauna masa a hannu ba.

Washegari Baba ya aiko Zuwaira ta faɗa wa yaron nan bayansa na ciwo, ya ja gaban noman. Shi ya koma aikin tsugune, yana bin tushe da hannu yana rage inda ya yi yawa. Kada in yi ƙarya, daɗi na ji. Na ɗauka an ga na girma.

Aka yi kaka, aka samu abin da aka samu, ya fi na bara. Ranar da aka fara dafa sabon gero Zuwaira ta ci har ta kasa tashi. Rani ya zo ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Baba ya ɓoye abinsa da dabarar da sai daga baya na gane ta. Masallaci yakan riga kowa fita, ya bi jikin katanga. Kasuwa ni yake aikawa. Butarsa da takalminsa wuri ɗaya, in aka gusar ya yi faɗa, shi da ba mai faɗa ba. In baƙo ya yi sallama sai ya jira ya ƙara magana kafin ya kira sunansa. Rumbu kuwa bai taɓa barin wani ya hau ba. Shi ke hawa, shi ke fito da dami.

Asirin ya tonu a kaka ta biyu. Na kawo kara a amalanke na tsayar da ita a ƙofar gida, inda ba a saba ajiye ta ba. Da rana tsaka, rana na haske kamar me, Baba ya fito za shi salla ya daki ƙarfenta da goshi. Na same shi a durƙushe, jini na bin fuskarsa, hannunsa na lalube a ƙasa yana neman hularsa. Hular tana nan dab da gwiwarsa.

Muka kai shi Damagaram wajen masu duba ido. Lokotoron, wato likitan, ya daɗe yana haska masa fitila. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi duka, na dama saura ɗan ƙanƙani, kuma abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa. Ya tambayi Baba yaushe ya fara ji. Baba ya ce ya kai damina biyu, ko ya fi. Lokotoron ya ajiye fitilarsa. Ya ce da an zo a lokacin, da maganin ɗigawa ya tsare masa abin da zai ci gaba da ganin gonarsa da shi. Ya dube ni ya ce, “Kai ne babban ɗansa? Bai faɗa maka ba?”

Na ce a'a, bai faɗa mini ba. Da zuciya ɗaya na faɗa, har da jin haushi.

Haushin na kawo gida. Washegari da hantsi na sami Inna tana sheƙar gero a bayan ɗaki, na tsaya a kanta na fara. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta ci idon mutum. Na ce ni ba ɗansa ba ne? Da ya faɗa mini ai da a bayana zan goya shi har Damagaram. Na ce ita ma ta sani ta yi shiru. Na faɗi maganganu da yawa, ta bar ni na gama. Ba ta dube ni ba, geron take kallo yana zuba.

“Tun shekarar fari ya faɗa mini,” in ji ta. “Na ce ya gaya maka, kai ne babba, ku je a duba. Ya ce yaya zai yi ya tari ɗan fari da irin wannan magana. Na ce ya nemi hanya. Ya yi kwanaki yana nema. Ranar da ya zauna a wasanku, da ya shigo ɗaki na ce, to? Ya ce, na tambaye shi. Na ce me ya ce? Ya ce, na ji amsa.”

Ta ɗaga ƙwarya ta ci gaba da sheƙa. Ni kuwa na zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayi. Maganar ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har da muryar da na yi ta da ita. Magana zarar bunu ce, na sha jin haka tun ina yaro, ban san a rufin gidanmu zan zara ba.

Ɗan abin da ya rage a idon dama bai kai shekara ba. Baba ya yi shekara tara a cikin duhu kafin Allah ya karɓi abinsa. Ban sayar da gona ba. Ban taɓa hawa rumbu ban fara zuwa na durƙusa na ce a ba ni izini ba. Sanda ma ƙin yanko masa na yi, kafaɗata yake dafawa zuwa masallaci, har sai da shi da kansa ya sa Zuwaira ta samo masa, ya ce yaron nan yana da aikin yi. Mutane suna cewa Lawali ɗan albarka ne. Duk lokacin da na ji haka sai in ji kamar na saci yabon.

Sau ɗaya na iya buɗe baki. A shekararsa ta ƙarshe ne, da hantsi, gidan ba kowa. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana tufka, don tufkar ba ta bar hannunsa ba har ƙarshe. Na kawo masa fura na ajiye, na koma gefe na tsaya. Na daɗe a tsaye. Sannan na ce, “Baba, wasan nan na Habu. Ranar rijiya.”

Hannunsa ya tsaya. Babu Zuwaira, babu Inna, babu wanda zai ba saƙo. Ya ɗago fuskarsa.

“Kai ba ka san tambaya ce ba. Ni kuma na san wasa ne,” ya ce. “Sai dai na yi ta tunani, abin da yaro ya faɗa yana dariya, a wani wuri ya ɗauko shi. Tsoro ya kama ni. Ba ka zama ɗan Dogo ba, na gani. Na yafe maka tun ranar, kai ma ka yafe mini.”

Yana maganar ne yana fuskantar dama, wajen katangar garke, ni kuwa ina hagunsa. Na ɗaga ƙafa a hankali na zagaya, na je inda fuskarsa take kallo na durƙusa, don kada ya gane katanga yake yafe wa.